Ranar da Sirdin Dogo Ya Motsa

Ku bari in kurɓi ruwa tukuna. Masu turo min saƙo tun safe kuna cewa “Suzu, ya zuwan Genta?”, to ga labari, amma kar wanda ya yi min dariya sai ya ji duka.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Suzu, gidanmu yana Onomichi a ƙasar Japan, gindin tudu, bayan layin dogo. Shagon awara a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Mu uku ne a gidan, ni da mahaifiyata da nake kira Okasan, da Baachan, kakata ta wajen uba. Na huɗunmu Dogo.

Dogo keke ne, tsohon keken hawan dutse, mai launin ruwan lemo, fentinsa ya koɗe a inda gwiwa take goga. Mahaifina, Otosan, ya saye shi tun yana saurayi, wai zai riƙa hawan duwatsu. Baachan ta ce sau biyu ya je, ya dawo da targaɗe, daga nan ya ɗaura masa kwando a gaba ya koma kai wa mutane awara. Da ya rasu, ina sakandare a lokacin, ni na gaji keken da aikin. Ni na canza masa taya, na koyi ɗaure birki, na sa masa sabuwar ƙararrawa. Ina son keken nan kamar me. Tayoyinsa masu kauri ba ruwansu da ramukan lungunmu, awara ba ta taɓa farfashe min a kwando ba.

Matsalarsa ɗaya ce. Otosan dogo ne, ni kuwa a wajen tsawo Baachan na biyo. Sandar da ke riƙe sirdi ta alminiyum ce, bututun da ta shiga na ƙarfe, tsatsa ta haɗa su sun zama abu ɗaya. Ba sama, ba ƙasa. Haka nake tuƙa shi da kan yatsun ƙafa, ƙugu yana rawa hagu da dama, in zan tsaya sai na diro. Tsofaffin unguwarmu har fitowa suke yi kallo.

Kuma akwai wani abu da na sha gani ban taɓa sa shi a raina ba. Kullum da safe in Okasan ta ɗaga ƙofar shago, sai ta ɗora tafin hannunta a kan sirdin nan ta wuce, ko kallonsa ba ta yi.

Da gwiwata ta fara ciwo bara, na tura Dogo cikin jirgin fito na haye tsibirin Mukaishima, wajen wani mai gyaran tsofaffin kekuna da aka ba ni labari. Shi ne Genta. Ya zagaya Dogo yana shafa shi kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata, sai can ya tuna akwai mutum a wajen, ya ɗago ya ce, “Yi haƙuri, sannu da zuwa.” Ya ɗiga wa sandar mai, ya ce in dawo mako mai zuwa. Na dawo, ya murɗa, ta ƙi. Ya zuba mata ruwan zafi, ya sa mata ƙanƙara, ya juya keken ƙafa a sama ya ɗura mai ta ƙasa. Sanda ta ce ba ta san zance ba. Muka ci bazara, muka ci kaka, muna murɗa sanda muna cin lemo a bakin shagonsa. Wata rana na ce masa, “Anya kana sa ƙarfinka kuwa?” Kunnuwansa suka yi ja, ya ce, “Irin wannan aikin ba a yi masa gaggawa.”

To, kun dai gane.

Okasan kuwa tun da ta ji sunansa ta ɗaure fuska. Ba ta ce talaka ne ba, ba ta ce mummuna ne ba. Laifinsa ɗaya: yana hayin ruwa.

“Okasan, kafin shayinki ya huce jirgi ya kai can. Daga tagar ɗakina ina hango rufin shagonsa!”

“Ruwa ruwa ne,” in ji ta, tana matse awara ba ta ko juyo ba. “Yayanki da zai tafi Osaka ai cewa ya yi nan da nan ne. Yanzu sai sabuwar shekara muke ganin ƙeyarsa. Ga ɗan mai kemis nan gida uku tsakani, yaro mai hankali, ko laima ba kya buƙata in za ki zo.”

Da ƙyar da jiɓin goshi ta yarda Genta ya zo gaisuwar neman aure yau Talata da rana. Ta ce zuwa ɗaya ne. In bai kwanta mata ba, kar in sake kawo mata maganar.

Sai Baachan ta ja ni ɗakinta ta zaunar da ni. Ita fa ba ta wasa da al'ada.

“Ki ja wa yaron nan kunne. Ranar maganar aure akwai kalmomin da ba a furtawa a gidan mutane. Ba a cewa rabu. Ba a cewa yanke. Ba a cewa karye. Ba a cewa koma, don amarya ba ta komawa gidansu. Ko a kan tsinken cin abinci ne, ya nemi wata kalmar.”

“Baachan, wa yake kula da wannan yanzu?”

“Ni.”

Jama'a, mai gyaran keke! Mutumin da in ka cire masa yanke da karye da rabu, to ka rufe masa baki gaba ɗaya. Jiya da yamma na zauna na yi ta yi masa karatu a waya.

“Kar ka kawo biskit ɗin shinkafa, karyewa yake. Kar ka kawo abin da sai an sa wuƙa. Ka sayo monaka.”

Monaka ita ce alawar waken nan da ake rufewa tsakanin ɓari biyu, tsofaffi suna cewa alamar haɗuwa ce.

Ya rubuto: “Na sayo. Na goge takalmi. Na aske gemu har na yanke haɓata.”

“KALMAR NAN!”

“Au. Haɓata ta… buɗe?”

“Kar ka zauna kan matashi sai an ce ka zauna. Kar ka ce mata Okasan, ba ta zama taka ba tukuna. Kuma don girman komai kar ka yi maganar keke.”

“To in aka tambaye ni sana'ata?”

“Ka yi murmushi.”

Dogo yana wajensa tun shekaranjiya saboda robar birki ta cinye, muka yi da shi zai taho da shi in zai zo. Ni da kaina na ce masa haka. Ku riƙe wannan.

Yau tun da muka gama kai awarar safe nake sama da ƙasa. Na sa rigata mai ruwan toka da ƙananan furanni farare, na cire, na sa shuɗiya, na sake mayar da ta farko. Na ɗaure gashi da ɗan ƙyallen da Genta ya ce yana yi min kyau. Baachan ta fito da kimononta, rigar gargajiya mai ruwan ƙasa, wanda sai biki yake ganin rana, ta goge tabarmin ɗakin baƙi da kanta, ta kunna turare a gaban hoton Otosan. Okasan fa? Tana nan da farin gyauton aikinta ɗaure a ƙugu da takalmin roba na shago.

“Okasan, ba za ki canza ba?”

“Ni ya zo aura?”

Lokaci ya yi, ba Genta. Baachan ta dubi agogon bango, ta dube ni. Sai ga saƙo:

“Ina cikin jirgi. Yi haƙuri. Suzu, wani abu ya faru!! Abin daɗi!!!”

Na ce shi ke nan, zobe ya sayo. Har na fara tunanin yadda zan yi kamar ban sani ba.

Muka jeru a ƙofar shago mu uku. Can sai ga shi ya ɓullo ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, baƙar kwat, gashi a kwance luf, kwalin monaka a kwandon Dogo, yana tura keken yana haɗawa da gudu. Kai, ya yi kyau! Sai da ya matso na ga baƙin giris a bakin hannun farar rigarsa. Fuskarsa kuwa kamar wanda ya ci gasa. Bai rusuna ba, bai gaisa ba, tun daga nesa ya ɗaga murya:

“Suzu! Sun rabu! Na raba su!”

Wayyo ni. Har injin niƙan waken da ke cikin shago ji na yi kamar ya yi shiru.

Baachan ta ce a hankali, “Su wa suka rabu, samari?”

Ta ɗaga yatsa ɗaya a gefen kimononta. Ni kaɗai na gani.

“Sandar sirdi da bututu, Baachan! Da safen nan na kasa zama don fargaba, na ce bari in ɗan murɗa ko hankalina zai kwanta. Ni da har na fid da rai, na ce ƙarshenta sai an yanke ta da zarto…”

Yatsa biyu.

“…sai kawai na ji ƙau! Na ɗauka ƙarfen ne ya karye…”

Uku. Na taka masa gogaggen takalminsa da iya ƙarfina. Ya dube ni, ya dubi yatsun Baachan, na ga jinin fuskarsa yana zurarewa. Ya rusuna har goshinsa ya kusa dukan kan keken, ƙararrawa ta yi ƙirrin.

Da a ce iya nan abin ya tsaya, da yanzu dariya kawai nake ba ku. Amma Okasan ba ta ma ji kalmomin ba. Dogo take kallo. Ta tako a hankali, ta miƙa hannu inda ta saba miƙawa kowace safiya, daidai ƙirjinta. Hannun ya sami iska. Sirdin yana can ƙasa, daidai tsawona.

Sai a lokacin na gane abin da take taɓawa duk shekarun nan.

“Wa ya ce ka taɓa?” Muryarta ba ta tashi ba, da ta tashi ma da ya fi min sauƙi. “Tsayin mijina ne. Da hannunsa ya sa shi a nan.”

Ta juya ta shige.

Yadda muka hau sama ban sani ba. Genta ya durƙusa gefen matashi kamar yadda na koya masa, ya miƙa monaka da hannu biyu, ya nemi izini ya sunkuya gaban hoton Otosan. Komai daidai, amma a banza. Okasan ta zuba shayi ba ta dubi kowa ba. Ba ta ce ya hau matashi ba.

Na ce, “Okasan, ni na sa shi. Gwiwata ce take ciwo, kin sani.”

“Na sani. Haka ake farawa ai. Yau sirdi, gobe ke. In tashi da safe in miƙa hannu in ji ba kowa.”

Idona ya cika. Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, ga haushin kaina da ban taɓa lura ba. Na dubi Genta ina roƙonsa da ido ya yi shiru kar ya ƙara ɓata lamarin. Ina! Ya dafa tabarma da hannu biyu.

“Mahaifiyar Suzu-san, na yi laifi, ban tambaya ba. Amma ina roƙon ki sauko ki ga abu ɗaya. In kin gani kika ce in tafi, zan tafi.”

Baachan ce ta fara miƙewa, tana cewa ita dai ƙafarta ta yi tsami. Dole Okasan ta biyo.

A ƙofar shago Genta ya tsuguna da kwat ɗinsa a ƙasa. Ya nuna wani ɗan hannu na ƙarfe da ya ɗaura a wuyan bututun, ya ce irin na zamanin keken ne, ya daɗe yana ajiye da shi. Ya buɗe shi da yatsa ɗaya, ya ja sirdin sama. Sandar ta zamo sumul, ba ko ƙara. Sai ga wani layi ya fito a jikinta: daga sama ta yi duhu, ta sha rana da ruwan sama da gishirin teku, daga ƙasa kuwa fara tas, inda ta ɓuya a cikin bututu.

Ku da ba ku san Genta ba, mutum ne da ko cokali ka ba shi sai ya goge shi ya yi ƙyalli kafin ya dawo maka da shi.

“Ban goge nan ba,” in ji shi. “Na wanke ciki na sa giris, amma layin nan ban taɓa shi ba. Nan mahaifin Suzu-san ya tsayar da shi.”

Ya daidaita layin da bakin bututu, ya rufe hannun ƙarfen, ƙyat.

“Ga shi ya koma. In Suzu za ta fita ta sauke, in ta shigo ta ɗaga. Kullum zai koma inda yake.”

Na ga yatsa na huɗu na Baachan ya fara tashi. Na runtse ido.

“Jirgin fito ma haka yake,” ya ci gaba, bakin nan ya ƙi rufuwa, “yana zuwa yana komawa, tun safe har dare. Ita ma Suzu kullum za ta koma…”

“Genta!”

“Bar shi ya ƙarasa,” in ji Okasan.

Genta ya ce, “Za ta koma gida kullum. Na tambaya, jirgin farko yana isowa kafin awararku ta huce. Wa zai kai wa tsofaffin kan tudu in ba ita ba? Ni ban zo in ɗauke ta daga nan ba. So nake a ƙara ni a cikin masu jiran ta.”

Kai, jama'a. Ni da na hana shi maganar keke!

Okasan ta miƙa hannu. Wannan karon ya sauka a kan sirdi, daidai inda ya saba. Ta daɗe a haka. Na saci kallon Baachan, na ga ta mayar da hannunta cikin hannun riga, yatsun duk sun kwanta.

Sai Okasan ta ce, “Sauke shi.”

“Tsayin Suzu?”

“Nawa.”

Muka dubi juna. Ta kwance gyauton aikin nan da ta ƙi cirewa tun safe, ta miƙa min. Genta ya dube ta daga ƙugu zuwa ƙasa, kunya kamar ta kashe shi, ya sauke sirdin kaɗan ya ɗaure. Okasan ta ɗaga ƙafa da takalmin robarta ta haye Dogo.

“Tun muna saurayi da budurwa nake ce wa mutumin nan ya sauke min in ɗana,” ta ce, tana kallon gaba. “Kullum sai ya ce gobe. Ashe kasawa ya yi, ya ƙi faɗa.”

Ta taka feda. Keken ya yi hagu, ya yi dama, ya nufi tukwanen furannin maƙwabta. Baachan ta ƙwalla wa Okasan ihu da sunanta, “Harue! Birki! Ke Harue, za ki kashe mana kanki ranar baƙi!” Genta ya bi ta a guje da kwat, hannuwa a buɗe. Ni kuwa ina tsaye rungume da gyauto ina kuka ina dariya. Kafin ta kai bakin lungu ta miƙe sak, ta danna ƙararrawa har mai kemis ya leƙo, ta yi kwana ta dawo. Kumatunta sun yi ja, gashinta ya warware. Rabon da in ga haƙoran Okasan a waje haka, tun Otosan yana da rai.

Ta sauka, ta gyara fuska kamar ba ita ba.

“Ban ce na yarda ba.”

“Na sani, ranki ya daɗe.”

“Zan hau jirgin nan da keken nan in zo in ga inda kake son kai min 'ya. In ga kicin, in ga banɗaki, in ga inda za ta shanya kaya. Ranar Lahadi. Sannan in ba ka amsa.”

Da muka koma sama, ita da kanta ta tura masa matashi da ƙafa. Baachan ta buɗe kwalin monaka, ta ɗauki ɗaya ta gutsura.

“Huɗu ka faɗa, samari. A zamaninmu da tuni takalminka yana titi.” Ta tauna, ta tauna. “Amma alawar ta yi.”

Na raka shi tashar jirgi ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai da jirgin ya tashi, ina ɗaga masa hannu, sannan maganar Okasan ta dawo min. Kicin. Banɗaki. Ni fa ban taɓa wuce bakin shagonsa ba, ɗakinsa na sama ban san kalarsa ba. Na ciro waya.

“Turo min hoton gidanka. Ko'ina.”

Sai da na iso gida na hau ɗakina sannan hotuna suka fara shigowa. Kicin: tayoyi rataye a inda ake rataye tukwane. Ɗakin kwana: gangar jikin kekuna jere a jingine da bango, shimfiɗarsa a tsakiya kamar ta mai gadi. Banɗaki kuwa, bahon wanka cike da baƙin ruwa, sarƙoƙi da giyar kekuna kwance a ciki.

“Genta. A ina kake wanka?”

“Gidan wanka na unguwa. Kar ki damu, kafin Lahadi zan gyara komai, akwai lokaci.”

Ina cikin rubuta masa amsa na ji ƙyat daga ƙasa. Na leƙa ta matakala. Okasan ce ita kaɗai a shago, ta ɗaga sirdin ya koma kan layinsa, ta ɗora hannu ta ɗan tsaya. Sannan ta sake buɗe hannun ƙarfen, ta sauke shi daidai tsayinta, ta ɗago kai ta gan ni.

“Suzu, gobe Laraba, shago a rufe yake. Me zai sa in jira Lahadi? Jirgin farko za mu bi.”

Na koma ɗaki da gudu, yatsuna har suna kuskuren haruffa:

“Fitar da sarƙoƙin nan daga bahon wanka. YANZU.”